Saƙon muryar Malam da ban buɗe ba sai da muka rufe shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ku yi haƙuri da ni rubutun zai yi tsawo, kuma tun kafin wani yace na hau mumbari ina masa wa'azi, wallahi bulalar nan a bayana ta fara sauka, har yanzu shatarta bata baje ba.

Ranar Talata da ta wuce muka kai malaminmu makwancinsa a maƙabartar Madina, nan Ankara tamu ta Ghana. Ba zan kama sunansa ba don ban nemi izinin iyalinsa ba, amma duk wanda ya taɓa zama a ajinsa na adabi a jami'a ya riga ya gane wa nake nufi, dattijon nan mai farar hula da ɓarin goro a aljihun gaba, wanda in ya ga kana karanta waƙa a zuci sai yace tashi tsaye ka buɗe baki, waƙa ba takardar asibiti bace da ake dubawa a ɓoye. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya sa can ta fi masa nan.

An taru kam. Motoci har bakin titi, wasu daga Kumasi suka kwana a hanya, wani ma daga Tamale ya biyo jirgin safe. Na ga fuskokin da rabona da su shekara goma, kowa ya yi ƙiba, kowa da makullin mota a hannu, ana rungumar juna ana cewa babban bango ya faɗi. Ni ma na faɗa. Har na ɗauki hoto na sa a Facebook da dogon bayani, mutane suna ta zubo min ta'aziyya kaman ni ne ɗan cikinsa. Alhali a cikin wayar da na ɗauki hoton da ita akwai saƙon muryarsa a WhatsApp, minti huɗu da 'yan daƙiƙu, wata biyar ke nan da ya turo, ban taɓa buɗewa ba.

Ba wai ban gani ba, na gani sarai. Ina cikin trotro, motar hayarmu, a wajen tashar 37, go-silo ya riƙe mu, yaron mota na faɗa da wata mata a kan canji, sai na ga sunan Malam ya fito. Na duba tsawon saƙon nace kai, minti huɗu, wannan sai na isa gida na natsu, ai maganar Malam ba a jinta cikin hayaniya, girmamawa ce ma. Kun ji yadda shaiɗan yake yi wa kasala rawani? Na isa gida aka ɗauke wuta, washegari aiki, saƙonnin guruf-guruf suka danne nasa ya yi ƙasa. Bayan sati biyu na tuna, sai kunya ta kama ni, nace in na buɗe yanzu zai ga alamar na ji ban amsa ba, gara in je da ƙafata gaba ɗaya. Zan je ran Asabar. Asabar ta zo akwai awure a Fadama. Zan je bayan salla. Bayan salla ta zo babu kuɗi a hannu. Daga Nima zuwa Madina fa ake magana jama'a, ba Makka ba. A cikin wata biyar ɗin nan sau uku ina shiga Madina, sau biyu biki, sau ɗaya gyaran waya, na wuce ta bakin lungunsu ina kallon lungun yana kallona.

Bari in gaya muku ko wane ne mutumin da na yi wa haka, don wanda bai san shi ba ya san nauyin abin.

Ɗan zango ne kamar ni da kai. Babansa fataucin goro yake yi, shi kuma sai da ya yi nisa a allo sannan aka kai shi boko, yana ba mu labari yana dariya wai ya fi kowa tsawo a aji ɗaya har yara suna ce masa baban aji. Ya koyar a ƙananan makarantu, ya koma karatu da girmansa da iyali a wuyansa, har Allah ya kai shi jami'a ya shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da adabi. Kuma shi kansa mawaƙi ne, yana rubutawa da Turanci yana rubutawa da Hausa, ta Hausar ma da ajami yake fara zubawa don yace hannunsa can ya fi sakewa. Bai tara komai ba sai littattafai da ɗalibai. Littattafan dai suna nan, na gansu da idona. Ɗaliban kuma mu ne.

Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne ya tambayi ɗan zango ko ya san Alhaji Umaru na Kete-Krachi yace a'a. Ranar da ya tambaye ni a gaban aji na tsaya ina sosa ƙeya, kallon da ya yi min har yau ban manta ba. Yace kai ɗan Nima, ka haddace mawaƙan Ingila da ranar haihuwarsu, kakanka kuma baka san shi ba? Sai ya ajiye darasin ranar ya kama labari. Alhaji Umaru a Kano aka haife shi a 1858, ya yi karatunsa a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fataken goro ya sauka Salaga, yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete-Krachi ya zama liman a can har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya yi a kan zuwan Nasara yana kallon abin da idonsa, ya yi a kan talauci da wadata, har waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, ya juyo su zuwa Hausa. Malam yana kaiwa nan sai ya rage murya. Yace tsohon garin Kete-Krachi da mutumin nan ya zauna ya karantar, yau yana ƙarƙashin tafkin Volta tun da aka gina madatsar Akosombo. Gari ya nutse, waƙa bata nutse ba, me ya sa? Saboda almajiransa sun zauna gabansa yana da rai sun kwafa da hannunsu, kowa ya tafi garinsu da nasa kwafin, shi ya sa da masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda Nkrumah ya buɗe a 1963, suka shiga zanguna suna neman tsofaffin takardu, suka tarar da su a adakar malamai, suka ara suka ɗauki kwafi. Yace malami ba shi yake tsare iliminsa ba, almajiri ne.

Na ji wannan da kunnena. Har jarrabawa na rubuta a kai na ci.

Na biyun da baya gajiya da ambato shi ne Farfesa Kofi Awoonor. Ba Musulmi bane, ba Bahaushe bane, mutumin Wheta ne a yankin Volta, an haife shi a 1935, amma Malam yana ganin girmansa ƙwarai. Yakan ce ku dubi mutumin nan, ya yi karatu a Legon da Landan, ya koyar a Stony Brook a Amurka, duk da haka tushen waƙarsa waƙoƙin makoki ne na ƙabilar Ewe irin waɗanda ya taso yana ji a bakin kakarsa, kuma da ya zama babban ɗan boko bai raina tsofaffin mawaƙan ƙauye ba, ya koma wajen irin su Vinoko Akpalu ya ɗauko waƙoƙinsu ya fassara duniya ta sani. Ya dawo gida a 1975 ya kama shugabancin sashen Turanci a Jami'ar Cape Coast, ko shekara bai yi ba gwamnatin soja ta Acheampong ta kama shi bisa zargin ya taimaki wani soja da ake nema kan juyin mulki, aka kulle shi a Ussher Fort, wannan tsohon ginin na bakin teku da muke wucewa in za mu Jamestown ko ɗaga kai ba ma yi. Daga cikin kurkukun ma waƙoƙi ya fito da su. Daga baya ya yi jakadan Ghana a Brazil da Kyuba, ya wakilci ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1994, ya shugabanci majalisar dattawan da ke ba shugaban ƙasa shawara.

Ranar Asabar 21 ga Satumba 2013 'yan bindigar Al-Shabab suka shiga kantin Westgate a Nairobi suka buɗe wuta. Awoonor yana ciki, ya je Kenya ne taron marubuta, yana da shekara 78, suka kashe shi suka ji wa ɗansa rauni. Mutum sittin da wani abu suka mutu a harin.

Satin da ya biyo baya Malam ya shigo aji bai ko taɓa allo ba. Ya zauna a kan tebur, abin da baya yi. Ya daɗe yana magana a kan baƙin cikin cewa waɗanda suka yi ɓarnar da sunan addininmu suka yi, yace ya rasa inda zai sa fuskarsa a gaban abokan aikinsa, wannan ma zance ne na wata rana. Amma abin da ya kawo ni shi ne na ƙarshen. Ya zaro wata ambulan ruwan ƙasa daga jakarsa, duk ta sha hannu, yace wannan baitocin Alhaji Umaru ne da na juya zuwa Turanci, shekaru ina cewa zan kai wa Farfesa ya duba min, gari ɗaya muke da shi, kullum sai in ce bari a gama jarrabawa, bari in ƙara gyarawa, bari in samu wanda zai min iso. Yace to yau ga ambulan, wa zan kai wa? Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yace 'ya'yana, kar ku yi irin tawa.

Wallahi tallahi na rubuta maganar a littafina har na ja mata layi biyu a ƙasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah aka ce, ni na gani, na rubuta, na ja layi, sannan na je na aikata wadda ta fi tasa muni, don shi Farfesa bai taɓa kiransa ba, ni kuwa kirana aka yi.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida yi wa Hajiya matar Malam gaisuwa. Mata cike da tsakar gida, tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa nace Mma ya haƙuri. Ta ɗago ta dube ni tace kai ne ɗan Nima ko? Nace ni ne Mma. Tace sannu da zuwa ɗana, babanku ya yi ta cigiyarka. Shi ke nan abin da tace. Bata ƙara ba, bata ɓata fuska ba, har ta sa yarinya ta kawo min ruwa. Da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Ita ta sa aka buɗe min ɗakinsa. Ashe shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni ban sani ba, kuma rashin sanin ma laifi ne don ban tambaya ba. Ga kujerarsa a bakin taga, ga wata ta roba a kusa da ita, Hajiya tace duk Juma'a in an sauko masallaci sai yace a fito da ta robar a goge ko wani cikin yaran zai biyo. A ƙarƙashin gado akwai adakar ƙarfe irin ta 'yan makarantar kwana. Muka jawo. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, sun fi arba'in, an ɗaure su da igiyar roba kashi-kashi. Na ƙasa ruwan damina ya taɓa su sun manne da juna tawadar ta baje, gara ta ci gefen wasu. Na ɗauki na can sama na buɗe, sai jikina ya yi sanyi. Rubutun Malam da muka sani, wanda yake tafiya a kan allo kaman an ja da zare, ya koma kaman na yaron da aka fara koya wa riƙe alƙalami, harufa manya-manya suna gangarowa ƙasa, layi ɗaya ya cinye rabin shafi. Da hannun hagu yake ta fama. Shafi goma sha wani abu ya yi a haka, sauran littafin fari fat.

Ban iya jira na isa gida ba. A Atomic Junction na sauka daga mota na samu gefen wani kanti na tsaya na danna saƙon.

Ya yi sallama, muryar ta yi nauyi, harshen yana ɗan ja. Ya tambayi mahaifiyata, ya tuna da ciwon ƙafarta da na taɓa gaya masa tun ina ɗalibi, shekara nawa ke nan. Sannan ya ba ni haƙuri. Ku ji fa, shi yake ba ni haƙuri, wai ya san mu ma'aikata ba mu da lokaci. Yace hannu ya ƙi, kuma akwai waƙoƙin da ajaminsu shi kaɗai zai iya warwarewa don ya yi su cikin sauri, wasu ma basu taɓa sauka a takarda ba suna kansa, yana neman wanda zai zo da kwamfuta ko sau ɗaya a sati, shi yana faɗa ana bugawa. Yace na tuna da kai ne don kana da kunnen waƙa. In ka samu hali, in baka samu ba babu laifi, Allah ya yi maka albarka. Sai ya rera min baiti uku na wata sabuwa da yake kan yi, tari ya katse shi, ya sake kamawa daga farko. Ba zan sa baitocin a nan ba sai Hajiya ta yarda. Rabin minti na ƙarshe kuwa ba da ni yake ba, bai san yadda ake tsayar da abin ba, ana jinsa yana cewa Hajiya ya tafi? ina ake dannawa? ita kuma tana cewa kawo in gani.

Na tsaya a wurin ina kuka kaman ƙaramin yaro, mai sayar da ayaba na ce min yi haƙuri bata ma san me ya faru ba. Waɗanda suke kansa sun tafi da shi cikin rami. Babu mai dawo da su, ko duk kuɗin Ghana aka tara.

To yanzu bari in juyo kanku 'yan guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, don ba ni kaɗai bane, kuma kun san ina ƙaunarku shi ya sa zan faɗa. Mu fi tamanin a guruf ɗin nan. Ana sanar da rasuwa kafin kwana biyu MoMo, asusun kuɗinmu na waya, ta cika, kuɗin kanofi, kuɗin kujeru, shinkafa, ruwan leda, har wani ya kawo shawarar a buga riguna da hoton Malam, wata tace a fitar da yayi na ranar adu'ar arba'in, aka kwana ana gardamar kala. Ban ce sadaka laifi bace, Allah ya karɓa. Amma na tambayi Hajiya a hankali yadda suka yi da jinya, sai da na matsa tace akwai watannin da maganin hawan jini rabi-rabi yake sha don ya kai ƙarshen wata, zuwa asibiti gashin jiki kuma sun daina ne saboda kuɗin tasi zuwa da dawowa. Kuɗin rigunan nan kaɗai da ya kai shi asibiti wata nawa? Ina MoMo ɗinmu take lokacin? Mutum yana raye baya samun sidi hamsin ɗinmu, ya mutu mun iya haɗa dubbai don a ga sunanmu a jerin waɗanda suka bayar. Wannan wa muke yi wa, shi ko kanmu? Ku amsa a zuci, ni na amsa tawa kuma bata min daɗi ba.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai wannan malamin boko ne, malamin waƙa ma, haƙƙin malami da ake faɗa na malamin zaure ne. Haba ɗan uwa. Kai da kake kwana kana jan Ishiriniya da Burda a maulidi, waɗannan ɗin mene ne in ba waƙa ba? Alhaji Umaru da na ambata liman ne kuma mawaƙi, bai ga ɗaya ta hana ɗaya ba. Ko ka cire masa rigar malanta gaba ɗaya, ai tsoho ne, Musulmi ne, mara lafiya ne, maƙwabci ne, wanne daga ciki ne baya da haƙƙi a kanka? Dukkanmu mun san hadisin nan da Ubangiji zai ce na yi rashin lafiya baka gaishe ni ba. Tun muna makaranta muke jinsa. Ni ban taɓa jin tsoronsa irin na satin nan ba, don ni ba ma sai an je neman shaida ba, tana cikin wayata da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Kuma in gaskiya za a bi, malaman zauren ma da muke fakewa da su, mun je? Malamin da ya riƙe hannunka ya ɗora a kan allo kana bambaɗa baƙi da majina a hanci, yana nan Mamobi ko Sabon Zango ido ya tafi, yaushe rabonka da shi? Hajiyar da ta koya miki alwala da karatun salla a zauren gidanta ba ta karɓar ko pesewa, kin yi aure kin haihu uku ko suna baki gayyace ta ba. Maigidanka tela da ya koya maka taka keke, yau kana da shago biyu shi yana zaune a bakin hanya yana jiran mai facin wando. Tsohon makanike da ya haƙura da kai shekara biyar kana ɓata masa sufana. Ticar nan ta aji uku, Kirista ce ma, da take raba burodinta da kai don ta lura kana zuwa ba karin kumallo. Wanda ya cike maka fom. Wanda ya rubuta maka takardar shaida ka samu aikin da kake taƙama da shi yau. Kowa yana da nasa, kuma tun da ka fara karanta wannan sakin layin fuskar wani ta faɗo maka a rai, kar ka yi kaman bata faɗo ba.

Ni na zauna na binciki kaina, me ya hana ni zuwa tsakani da Allah? Ba lokaci bane, wanda yake kallon ƙwallo minti casa'in sau biyu a sati baya da bakin cewa lokaci. Abu biyu na samu. Na farko kunyar zuwa hannu rabbana. Kullum ina cewa sai na samu abin kirki, buhun shinkafa, shadda mai kyau, ambulan mai nauyi, don Malam ya ga ɗalibinsa ya zama mutum. Kun ga wannan ba don shi bane, girman kai ne ya sa jallabiya. Mutumin da yake sa a goge kujerar roba duk Juma'a ba shinkafa yake jira ba. Goron sidi biyar da awa ɗaya na zama ya ishe shi. Na biyu kuma, duk daɗewar da ka yi baka je ba ƙafar ƙara nauyi take, sai ka fara tsoron kallon da za a yi maka, sai ka ƙara ja baya, sai nauyin ya ƙaru, haka har a kira ka jana'iza, ita kuma jana'iza tana da sauƙin zuwa don mamaci baya tambayarka ina ka shiga. Shi ya sa muke cika maƙabarta mu bar ɗakin jinya wayam. Tsofaffin nan kuma wallahi ba sa ma yin faɗan da muke tsoro, kana sallama za ka ji an ce a'a a'a, wa nake ji kaman wane, a kawo masa kujera.

Dan Allah, dan Annabi, kar ka rubuta min Allah ya jiƙan Malam a ƙasan rubutun nan ka wuce. Addu'ar ina so, amma ajiye wayar tukuna, ko kuwa ma kar ka ajiye, shiga WhatsApp ka gangara ƙasa can inda saƙonnin da baka buɗe ba suke kwance, ka duba ko akwai na wani tsoho. In akwai ka ji shi yanzu, ko kana cikin trotro, ko yaron mota na ihu. In babu lambarsa ka nemi mai ita. Kar kace Asabar, na san Asabar, ni ta cinye. Zumunci a ƙafa yake, iyayenmu basu ce a hoto ba.

Ku kuma matasa masu kwamfuta da manyan wayoyi, kusan kowane gidan malami a zangunan nan akwai irin adakar nan a ƙarƙashin gado, a Nima, a Newtown, a Aboabo, a Asawase, wa'azi, waƙoƙi, tarihin zuwan kakanninmu, wasiƙu. In mai ita ya rasu magada basu san darajarta ba, ƙarshenta gara, ko ruwa, ko a ga mai ƙosai tana naɗe wa mutane da ita. Je ka zauna gabansa yana da rai, kunna rikoda, bar shi ya yi magana. Ko baka gane komai ba ka ɗauki hoton kowane shafi. Almajiran Alhaji Umaru da tawada da alƙalamin kara suka yi, kai kana da abin da zai ɗauke littafi guda kafin shayi ya huce.

Ya Allah ka yafe min. Ya Allah kar ka kama ni da haƙƙin bawanka nan, ka sanya a zuciyarsa ya yafe min ranar da za mu tsaya, ka ba iyalinsa haƙuri, ka saka wa Hajiya da alheri kan jinyar shekara biyu da ta yi ita kaɗai mu muna can muna sa hotuna.

Na roƙi Hajiya ta bar adakar a inda take kar kowa ya taɓa, ta yarda. Ranar Asabar bayan la'asar zan je da kwamfuta in fara da littattafan da ruwa bai taɓa ba. Matsalar ita ce ajamina bai da ƙarfi, na Malam kuma mai gudu ne, wani wurin ko wasali babu. Ina neman mutum biyu ko uku da suka iya karanta ajami sosai, musamman wanda ya saba da hannun tsofaffi, da wanda ya san yadda ake raba takardun da suka manne ba tare da sun yage ba. Wanda zai iya ya min magana ta inbos, mu haɗu a tashar Madina ƙarfe huɗu. Kowa ya zo da abin zamansa, kujerar roba ɗaya ce a ɗakin.